Sharar Sito

Da hantsin ranar Talata Mansura tana durƙushe a tsakar gida da faifai a hannu, tana aikin da ta shafe wata biyar tana yi ba tare da kowa ya sani ba. Ta ware gero gefe, ta ware dawa gefe, ta tsince wake ɗai-ɗai, sannan ta bi tsakuwa da tsinke ta fitar. Aiki ne mai cin ido da ƙugu, kuma kullum sai ta tura ƙyaure kafin ta fara. Ran nan dai ƙyauren bai yi mata amfani ba, don bankaɗo shi aka yi. Inna Saude ce, uwar mijinta, ba sallama, mayafi a hannu maimakon a ka.

"Mansura, sun kama Akawu! 'Yan sa-kai sun tare shi bakin hanya tun da sahe. Shina ƙohwar Maigari, an ɗamre mai hannu."

Akawu shi ne Mahadi, mijin Mansura. A ƙauyensu da ke can bayan Nahuce, ko yaye aka yi wa yaro jiya ya san Akawu. Shi kaɗai ne mai albashi a garin. Shekara tara yana riƙe da ma'auni a wani kamfanin gurzar auduga a Gusau, da difilomarsa da bironsa a aljihun gaba. Wanda zai cika fom gidansa yake zuwa, wanda ɗansa ya gama makaranta gidansa yake zuwa, ya rusuna ya ce a taimaka a saka yaron ko da gadi ne. Hatta uwar da ta haife shi ta ji daɗin laƙabin, don ɗan fari ne, da ma ba ta faɗin sunansa.

"Mi yay yi, Inna?"

"Wai shi na infoma. Wai shi yab ba da Alhaji Buba ga ɓarayi." Tsohuwar ta dafa bango. "Ki ba ni lambar kamfani. A kira su, su hwaɗa musu ɗana ma'aikaci na. Su hwaɗa musu kullum can shika wuni."

Mansura ta san abin da Inna ba ta sani ba. Kamfanin da take so a kira wata biyar ke nan da aka garƙame shi. Auduga ta daina zuwa tun da ɓarayin daji suka kori manoma daga gonakin nesa, wuta ba ta tsayawa, man inji ya fi ƙarfin masu wurin, sai suka tara ma'aikata wata safiya suka ce kowa ya yi haƙuri. Mahadi bai gaya wa kowa ba. Ko ita bai gaya mata ba. Kullum bayan asuba zai sa rigarsa gogaggiya, ya soka biro, ya hau babur ɗin haya zuwa Bungudu, daga can ya shiga motar Gusau kamar yadda ya saba, ya dawo da yamma yana cewa aiki ya yi yawa.

Kuskurensa ɗaya ne, ya manta 'yar wa ya aura. Mahaifin Mansura ɗan dako ne a kasuwar Gusau har ƙarfinsa ya ƙare. A wurin masu hatsi akwai wata al'ada: in an gama lodin mota, duk abin da ya zuba daga buhuna ba na mai kaya ba ne, na 'yan dako ne. Su share sito, su tara, su raba a tsakaninsu. Gero da dawa da masara da wake da ƙasa, duk a haɗe. Ba wanda yake sayar da irin wannan, ba kuma akawun da ake ba shi. Da sharar sito aka raini Mansura, ko a mafarki ta ga irinta za ta gane. Ranar da Mahadi ya fara shigowa da ƙulli ya ce araha ya samu a kasuwa, tana kwancewa ta san an gama. Ba a yi sati biyu ba ta ga bayan wuyansa ya saɓule, ya ce ƙuraje ne na zafi. Ta kawo man kaɗe ta shafa masa, ta ce Allah ya sawwaƙe. A aljihunsa kuma ta riƙa samun 'yan takardun sito masu hatimin Tsafe. Wato mutumin nan sai ya ratsa Gusau, ya hau bayan motar hatsi ya tafi har Tsafe, inda ba wanda ya san shi, sannan ya tuɓe riga ya ɗauki buhu.

Kada wani ya ce wauta ta yi da ta yi shiru. Sau ɗaya ta gwada, ta ce masa ai aiki duk aiki ne in dai halal ne. Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya dube ta ya ce, "Ranar da garin ga yad daina kirana Akawu, ki ɗauka ba ki da miji." Tun daga nan ta kama bakinta. Kullum tana zuba gawayi a dutsen guga, tana goge rigar da ta san a leda za ta wuni.

"Ki ba ni lambar, na ce!" Inna ta daka mata tsawa.

"Inna, ki zamna nan da jikarki Husna. Ni zan tahi."

"Ke? Cikin maza?"

Mansura ta koma kan hatsin. Ta juye duk abin da ta wahala tana warewa cikin ƙwarya ɗaya, ta ƙara da ragowar ƙullin jiya da ba ta taɓa ba, ta zura hijabi, ta rungume ƙwaryar a ciki ta fita.

Tun ranar Asabar garin ba ya cikin hayyacinsa. Ɓarayi sun tare Alhaji Buba, mai sayen shanu, a kan hanyarsa ta dawowa daga Bungudu, daidai mashigin da yake bi, daidai lokacin da yake wucewa, suka tafi da shi daji. Kowa ya ce ba a yin haka sai da ɗan gari. Daga ranar maƙwabci ya koma kallon maƙwabci ta gefen ido, mutum in wayarsa ta yi ƙara sai ya ɗaga murya don a ji da wa yake magana. Kuma ba wanda ya manta da abin da ya faru a wani ƙauye kusa da su a watan jiya. An zargi wani, 'yan sa-kai suka ce za su je bayan rafi su yi masa tambayoyi. Takalmansa kawai aka kawo wa matarsa.

Ƙofar Maigari ta cika maƙil. Abin takaici, yawancinsu majiya ƙarfi ne, a tsakiyar damina, a lokacin da ya kamata a ce ko kare ba ya gari don kowa yana gona. To ina gonar? Masu gonar nesa sun bar wa ciyawa. Masu acaba an hana babur shiga wasu hanyoyin, fasinjan ma ya ɗauke. Waɗanda suka yi karatu suna da takardu a ƙarƙashin katifa. Gari guda a zaune gindin bishiyar bedi tun safe har yamma, yau kuwa sun sami abin yi.

Mahadi yana zaune a ƙasa a tsakiya, hannu a ɗaure ta baya, hularsa a gefe cikin ƙura. Rigar da ta goge masa da asuba har yanzu karinta bai ɓace ba, biron ma yana nan. A kansa Attahiru ne tsaye, shugaban 'yan sa-kai, da bindiga harba-ka-ruga a kafaɗa. Sa'an Mahadi ne, tare aka yi musu kaciya. Maigari Labbo yana kan buzunsa yana jan carbi da sauri, tsoho ne mai kirki, amma kowa ya san yanzu masu bindiga ne suke yanke magana, shi nasa sa albarka.

"Tambaya guda muka yi maka tun sahe," in ji Attahiru, muryarsa har ta dushe. "Ina kaka zuwa? Kamfanin da kac ce kana ma aiki na je da ƙahwata. Kwaɗo ya yi tsatsa, hakin da ke ƙohwa ya kai gwiwa. Direba guda ya ganka Tsahe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kana sauka daga bayan mota. Wayarka cike take da lambobin da ba mu sani ba. Mutum ba aiki, gidanshi ana ɗora tukunya kullum. Wa ka ba ka?"

"Ban ba da kowa ba," in ji Mahadi, idonsa a ƙasa. "Na rantse da Allah."

"Ba rantsuwa muka tambaya ba. Ina kaka zuwa?"

Wani daga baya ya ce a daina ɓata lokaci. Wani ya ce da ma shi ya daɗe yana mamakin wannan guga ta kullum. Mutanen da suka sha rusunawa a zaurensa su ne yau suka fi kowa ɗaga murya.

"Akawu, ɗana, ka yi magana," Maigari ya ce a hankali. "Ka taimake ni in taimake ka."

Mahadi ya ɗago ya dubi taron, fuska bayan fuska, ya sake sunkuyawa. Mansura daga inda take ta ga abin da yake ransa, sai haushi ya kama ta tare da tsoro. Wai mutumin nan da gaske ya gwammace a kai shi bayan rafi da a san yana ɗaukar buhu.

Attahiru ya dubi rana. "Ladan na kiran azahar za mu tahi da shi. Can zai tuna."

Inuwar bango ta riga ta tsuke, kuma ga ladan can ya ɗauki buta. Mansura ta ƙara rungume ƙwaryar. Tunda aka kawo ta garin nan ba ta taɓa buɗe baki a gaban maza uku a haɗe ba. In ta yi shiru, za a kawo mata takalma. In ta yi magana, ta ji da kunnenta abin da ya ce. Ko ta ina ta duba rashin miji ne, sai dai ɗaya yana numfashi.

Ta yi sallama da ƙarfi. Taron ya dare don mamaki. Ta wuce har gaban buzu, ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar.

"Ranka ya daɗe, Baba, a gahwarce ni. Ina son a duba wanga."

"Koma gida!" Mahadi ne, karon farko da ya ɗaga murya tun safe. "Maman Husna, na ce ki koma gida!"

Ba ta ko waiwaya ba. Maigari ya sa hannu a ƙwaryar ya ɗebo, ya baza a tafinsa. Gero, dawa, masara, wake, ƙasa, har da guntun zaren buhu. Ya daɗe yana kallo. A ƙuruciyarsa shi ma ya yi cin rani a kasuwannin hatsi.

"Sharar sito ce," ya ce.

"Ita muka ci wata biyar, Baba. Ni ɗiyar ɗan dako ce, kowa ya sani. Wanda ɓarayi ka ba kuɗi ba shi kawo ma iyalinshi shara. Baban Husna dako shika yi Tsahe. In ba a yarda ba, a buɗe wuyanshi."

Wani ya ce ai shara ko a hanya mutum zai iya samu. Attahiru ya matso. Ya sunkuya ya kama wuyan rigar Mahadi ya ja ƙasa, maɓalli biyu suka tsinke. Daga ƙeya zuwa kafaɗu fatar ta yi baƙi ta yi kanta kamar ta tsohon jaki, ga sabon saɓu a gefen dama da bai ko bushe ba. Na kusa suka leƙa, suka ja da baya. Mahadi ya rufe ido, hawaye suna bin kumatunsa, ba shi da hannun sharewa.

"A kira ɗaya daga cikin lambobin," in ji Maigari. Muryarsa ta dawo, kamar wanda ya tuna shi ne Maigari. "Wadda ta hi yawa. A buɗe kowa shi ji."

Aka kira. Ƙarar injin mota da hayaniyar kasuwa suka cika wurin, sannan wata murya mai kauri ta fito ba ko gaisuwa.

"Mai Biro! Ina ka shige yau? Mota ta zo tun sahe, na riƙe maka layi har na gaji, na ba wani. In ka gaji da dako ka hwaɗa min, mutum nawa ka roƙona wurin ga."

"Wa ke magana?" in ji Maigari.

"Sarkin dako na. Kai wane ne da wayar yarona?"

Maigari ya tambaye shi ranar Asabar. Mutumin ya ce ranar Asabar Mai Biro buhun masara ya wuni ɗauka tun hantsi har la'asar, in ana son shaidu yana da talatin. Wani saurayi ya fashe da dariya jin sunan Mai Biro, ya duba ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye abarsa.

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Maigari ya ce a kwance shi. Attahiru da kansa ya durƙusa yana kwance igiyar, yana gunaguni cewa da ya faɗa tun safe ai da ba a kai ga haka ba. Da Mansura ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi da an rabu lafiya. Amma tsoron da ya sake ta ya bar mata fushi, kuma fushin ya fi ƙarfin kunya.

"Malam Attahiru, ni ma ina da tambaya guda. Mi yak kai ka ƙohwar kamfani?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Ranar Asabar anka ɗauki Alhaji. Direban da yag ganai Tsahe ya daɗe da gani. Kai yaushe ka je Gusau, kuma neman mi?"

Attahiru ya sunkuyar da kai. Da zai yi magana, ƙasa ya yi wa.

"Sati ukku ke nan. Gadi na je nema. Na ce in na ambaci sunan Akawu za su ɗauke ni."

Ba wanda ya yi dariya. Rabin waɗanda ke tsaye a wurin da sun sami kuɗin mota da sun yi abin da ya yi. Taron ya watse a hankali, kowa ya nufi masallaci yana kallon yatsun ƙafarsa. Alhaji Buba dai yana daji, kuma wanda ya ba da shi, in ma akwai shi, yana cikin masu alwala.

Mahadi ya yi gaba, Mansura tana binsa a baya da ƙwarya. Labari ya riga su isa gida. Inna Saude tana zaune a bakin ɗakinta da Husna a cinya. Ta dubi yagaggiyar rigar, ta dubi wuyan. Mahadi ya durƙusa zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Wata biyar ina cin tuwon ga ina cewa gero ya lalace bana," ta ce. "Tashi ka yi salla."

Ranar bai ci abinci ba, bai kuma yi wa Mansura magana ba. Ta ajiye masa man kaɗe a bakin gado, da safe ta tarar ba a taɓa ba. Ta yi kukanta a madafa inda hayaƙi zai ɗauki laifin. Ta cece shi, ta sani, amma ba ta san ko ya yafe mata ba.

Bayan asuba hannunta ya kai ga dutsen guga da kansa, har ta fara zuba gawayi. Sai ta ji shi a bayanta.

"Bar shi."

Ta juyo. Wata tsohuwar riga ce a jikinsa, wadda yake sawa in zai gyara danga. Ba hula, ba biro. Ya miƙo mata kwalbar man kaɗen, ya juya mata baya ya sunkuyar da kai. Ta shafa masa a hankali, tana kauce wa sabon ciwon.

Ana cikin haka aka yi sallama a waje. Nan take ta gane muryar. Mahadi ya fita, ita kuma ta laɓe a bayan zana tana leƙe. Attahiru ne, da wasu huɗu daga cikin na jiya, har da saurayin da ya yi dariya. Ba bindiga ko ɗaya. Kowa da tsohuwar riga, ɗaya ma ya naɗo tsumma a hannu irin na gammo. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka tambayi Inna da yara, har gaisuwa ta ƙare ba abin da ya rage.

"Akawu," in ji Attahiru, yana murza yatsu. "Can Tsahe... ko akwai wuri?"

Mahadi ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya dubi taron jiya.

"Mu arba'in muka jiran mota ukku," ya ce. "Wata rana biyu. Wata rana mu wuni ba ko ɗaya."

Ba wanda ya motsa. Sun ji, amma ba su da inda ya fi can.

Mahadi ya ja numfashi. "To ku ɗaga ƙahwa. In munka makara, motar hatsi ta wuce mu Gusau."

Mansura ta bi su da kallo har suka sha kwana, mutum shida a jere, mijinta a gaba. Sun kira shi Akawu, ta ji da kunnenta, kuma ya amsa. Ta koma tsakar gida ta juye gawayin a murhu, ta ɗauko faifai da ƙwaryar jiya ta zauna, wannan karon ƙyaure a buɗe. Ta auna abin da ya rage da ido. Daga yau sharar nan da ƙarin gida biyar za a raba ta, don haka ta sunkuya tana tsince har ƙwayar da ta faɗi ƙasa.